Mudu Goma Saboda Rantsuwar Mannir

Duk wanda ya san Mannir Nahuce ya san shi da abu biyu: gwaninta a kan kwamfuta, da zuciya mai saurin tafasa. Gwanintar ta ciyar da shi shekara goma sha biyar. Zuciyar kuwa ita ta sa shi, ranar wata babbar Sallah, ya rantse a gaban mahaifiyarsa da yayansa da matarsa cewa shi da rubuta manhaja har abada. Magana zarar bunu ce. Ya zare ta da hannunsa, sai ta zauna masa a maƙogwaro, ba ta haɗiyuwa, ba ta tofuwa.

A Nahuce aka haife shi, cikin ƙasar Bunguɗu, gidan noma gaba da baya. Mahaifinsa gero da dawa ya sani, sai auduga a shekarun da auduga ke da daraja. Mannir yana sakandare aka aike shi Gusau ya buga wata takarda a shagon kwamfuta kusa da tasha. Mai shagon ya buga, ya miƙa masa, yaron bai tafi ba. Ya tsaya yana tambaya wa ya koya wa injin nan abin da yake yi. Mai shagon ya ce Turawa. Mannir ya ce to su Turawan da me suke gaya masa? Amsar wannan tambaya ita ya bi har ya gama karatu, ya wuce Abuja, ya shekara bakwai yana rubuta manhajoji a wani kamfani da ke yi wa bankuna aiki. Ya iya, ba a ja. Idan abu ya karye aka rasa gano bakin zaren, teburinsa ake zuwa.

Sai wata rana ya tattara ya dawo Gusau, ya ce ba zai ƙare ƙuruciyarsa yana gyara garin wasu ba alhali nasa na nan.

Kamfani uku ya kafa, uku ya binne.

Na farko na kiran ɗan kabu-kabu ne ta waya. Manhajar ta yi kyau, taswira da komai. Abin da Mannir ya manta, a Gusau ba ka gama ɗaga hannu ba mashin uku sun ci burki a gabanka suna gardamar wa ya riga. Wa zai ƙona data ya kira abin da ke ƙofar gidansa? Wannan ya mutu ba ko jinya.

Na biyu ya fi zafi, don shi ya fara numfashi. Manhajar farashin hatsi ce. Yana da mutane a kasuwanni, kowace ranar kasuwa su turo yadda gero da masara da waken suya suka kwana, 'yan kasuwa su gani a wayoyinsu kafin su ɗauki mota. Fatake har daga Kano suna dubawa. Ana cikin haka, a ƙarshen daminar 2021, aka kashe sabis a jihar saboda matsalar tsaro, aka rufe kasuwannin mako. Manhajar farashi, ba kasuwa, ba sabis. Mannir ya zauna yana kallon wayarsa kamar mai gadin rijiyar da ta ƙafe. Ko da aka dawo da layi, masu dubawa sun watse, kowa ya koma kiran ɗan'uwansa.

Da wani ne, da ya koma Abuja. Shi kuwa haushi ya ƙara masa ƙaimi. Ya ce tunda sabis ne ya kashe shi, zai rubuta abin da ba ruwansa da sabis. Ya jawo abokinsa Gideon, ɗan wani ma'aikacin gwamnati da aka haifa a Gusau, wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari tsami. Suka yi wa ƙungiyoyin manoma manhaja wadda ke ajiye komai a cikin wayar, sunan manomi da hotonsa da abin da ya karɓa, ko ana tsakiyar daji. Duk ranar da wayar ta shaƙi sabis, sai ta tura da kanta, ba abin da zai ɓata, ba abin da zai maimaitu. Wannan shi ne aikin da Mannir ya fi alfahari da shi a rayuwarsa. Sun gwada a Karakkai, sun gwada a Ruwan Bore, bai taɓa ba su kunya ba.

Masu zuba jari ne suka ba su kunyar. Mannir da Gideon suka yi ta sintiri zuwa Abuja, ana ba su shayi a kofin takarda ana jinjina musu. Wannan ya ce aikin ya yi kyau, amma za su mayar da ofishin Legas? Wancan ya ce shi ko kamfanin jirgin da yake hawa ma ba ya son jin sunan jihar. Wani matashi da bai wuce shekarun aikin Mannir da yawa ba ya tambaya ko Gusau kusa da Maiduguri take, sannan ya ce ai yanzu ƙirƙirarriyar basira na rubuta irin wannan kafin shayi ya huce, ba za su saka ta a ciki ba? Mannir ya ce manomin Karakkai taki yake nema, ba hira ba. Daga nan ba a ƙara kiransu ba, kamfani na uku ma ya bi 'yan'uwansa.

Matar Gideon, Naomi, tana da ciki a lokacin. Gideon ya samu aiki a wani kamfanin Abuja mai raba iri da taki, ya karɓa, ya zo har gida ya faɗa wa Mannir ido da ido, ya ce akwai wuri idan yana so. Mannir ya ce shi da ya shugabanci kamfani uku ba zai koma yaron wani ba. Gideon ya ce to, Allah ya huci zuciyar Shugaba.

Wannan suna, Shugaba, yayansa Rabi'u ne ya raɗa masa. Rabi'u ɗan kasuwar hatsi ne a Tsafe, mutum mai faɗin ƙirji da faɗin baki, wanda bai yarda da duk abin da ba a ɗagawa a ji nauyinsa ba. Ranar Sallar nan an taru a gidan Iya, mahaifiyarsu, a Nahuce. Ana suyar nama, hayaƙi ya cika tsakar gida. Rabi'u ya yago tsoka, ya dubi ƙanensa ya ce, “Shugaba, wanga da anka binne na nawa ne? In za a buɗe na huɗu ka gaya muna da wuri, mu tanadi likkafani.”

Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma ta faɗa a kan gyambo. Mannir ya ajiye kwanon hannunsa ya miƙe.

“Wallahi tallahi na bar rubuta manhaja. Na bar ta har in koma ga Allah. Ku huta.”

Iya ta ajiye matsamin da ke hannunta, ta dube shi. Matarsa Sadiya ta sunkuyar da kai. Rabi'u kuwa, da yake ɗan kasuwa ne, bai bar ciniki ya huce ba. Ya ce kowa ya shaida, kuma tunda haka ne akwai benci a shagonsa na Tsafe, ƙanensa ya zo ya koyi sana'ar da ake gani da ido.

Da suka koma Gusau, Mannir ya naɗe kwamfutarsa a cikin wani tsohon zanen Sadiya, ya hau kujera ya ɗora ta a kan sif ɗin kaya, can ƙurya. Ya ce kada wanda ya taɓa.

Haka mutum mai shekara arba'in da biyu ya koma awo. Yana bin motar safe daga Gusau zuwa Tsafe, hanyar da direba ke kashe rediyo a wasu kwane-kwane, kowa ya kama addu'ar da ya iya. A shago ya koyi riƙe tiya, ya koyi soka buhu ya ga ko an yi algus, ya koyi ɗinki da basilla. Kuma ya iya, don Mannir ba ya rabin aiki. Sai dai duk abin da ya taɓa, da fushi yake taɓa shi. Yana ɗinke bakin buhu kamar bakin masu zuba jari yake ɗinkewa. Abin da ya fi ƙona masa rai, 'yan kasuwa sun ji an ce injiniyan kwamfuta ne, sai kowa ya kawo wayarsa. Wannan ta cika, wannan ba ta ƙara, wannan ɗansa ya sa mata lamba ya manta. Mutumin da banki ke jira ya tashi daga barci, shi ne ake miƙo wa waya a ce, Injiniya, ɗan goge mini hotuna. Yana gogewa, yana cije leɓe.

A gida ma ba sauƙi. Da dai Sadiya ta saba da miji mai surutu a kan abin da ba ta gane ba, yana zana mata akwatuna da kibiyoyi a bayan kwalin sabulu. Yanzu sai ya dawo ya zauna shiru yana kaɗa ƙafa, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa kamar mai danna wani abu. Ta taɓa cewa ko don yara ya sauko da kwamfutar su yi kallo. Irin kallon da ya yi mata, ba ta ƙara ba.

Gab da faɗuwar damina, wata ranar kasuwa, kamfanin da Gideon ke wa aiki ya kafa rumfa daura da shagon Rabi'u. Ana rajistar manoma, a ba su iri da taki. Jami'ar da aka turo, Zahra'u, tana riƙe da wata faffaɗar waya, layi ya miƙe har bakin masu manja. Ranar kuma sabis ɗin Tsafe yana irin halinsa, ya leƙo ya koma.

Mannir yana kan benci yana kallo. Da farko ya kau da kai. Amma kunne ba shi da marfi. Ya ji Zahra'u tana cewa a yi haƙuri, a sake. Ya ga an ɗauki hoton wani dattijo, an rubuta sunansa, Malam Sama'ila, an rubuta ƙauyensu da girman gonarsa, an danna, abin ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, sannan ya goge komai ya koma farko. Aka sake. Dattijon ya gyara hularsa ya ƙara tsayawa a gaban hoto. Injin ya sake gogewa. A karo na uku Zahra'u, wadda zufa ta jiƙa wa hijabi, ta ce Baba ya yi haƙuri ya dawo kasuwa mai zuwa, don ba ta da ikon ba da buhu sai injin ya amsa.

Malam Sama'ila daga wani ƙauye yake a bayan Tsafe, inda ba a fitowa sai ranar kasuwa, sai an taru da yawa, sai kuma an ji labarin hanya tukuna. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ɗiyata, hanyarmu ba a bin ta sau biyu don son rai. Amma tunda injin ya ƙiya, to.” Ya naɗe buhun da ya zo da shi, ya maƙale a hammata.

Mannir bai san lokacin da ya tsallaka ba. Ya roƙi Zahra'u ta ba shi wayar ya gani. Danni kaɗan ya yi ya gane ciwon: duk wanda ya rubuta abin nan yana zaune ne a ofis mai sanyi inda sabis ba ya ɗaukewa, bai taɓa tunanin a ajiye bayani a cikin wayar kafin a tura ba. Ciwon da ya kashe masa kamfani na biyu ke nan, wanda ya ƙare shekara biyu yana haɗa maganinsa a na uku. Maganin yana Gusau, a naɗe cikin zane, a kan sif. Ya miƙa mata wayar. Kafin la'asar fiye da rabin layin sun juya da buhunansu wayam.

Ya zagaya bayan shago, ya hau kan tarin buhuna inda ake samun sanda ɗaya ta sabis, ya kira Gideon. Bai gaishe shi ba. Ya wanke shi tas, shi da kamfaninsa da duk wanda ya taɓa sa hannu a wannan shirme. Ya ce mutane suna sayar da rai su zo, ku kuna can kuna shan shayi a kofin takarda. Ya ce ko ɗan koyo da ya yi wata uku a hannunsa ba zai yi wannan aika-aika ba.

Gideon ya bari har ya gaji, sannan ya ce, “Ka gama, Shugaba? Na faɗa musu har bakina ya gaji. Ni ɓangaren rumbun kaya suka sa ni. Wurin da ya karye ɗin nan, mutum ɗaya na sani da ya taɓa rubuta shi daidai, yana Tsafe yana goge wa mutane hotuna.”

Ya ce har yanzu ƙofa a buɗe take, amma ba kujerar shugaba ba ce. Gwaji ne na wata uku, daga gida, a ƙarƙashin wani da bai wuce talatin ba. Mannir ya ce ya rantse. Gideon ya yi 'yar dariya ya ce a cikinsu ya girma, ya san Musulmi ba su rasa hanyar warware rantsuwa ba, girman kai ne ba shi da kaffara. Mannir ya kashe wayar a kunnensa.

Kasuwa ta zagayo. Ruwan shuka ya sauka a tsakanin. Mannir ya wuni idonsa a kan layin rumfar, bai ga hular Malam Sama'ila ba. Ya tambayi wani mai gawayi da ke fitowa ta wannan yanki, ya ce mutanen can ba su fito ba wannan makon, hanya ba daɗi. Ko sun yi shuka da abin da ya rage musu, ko ba su yi ba, bai sani ba. Ranar Mannir ya karya basilla biyu.

Sai ya yanke shawara, amma irin ta mai girman kai. Ya san akwai azumin kwana uku a kaffarar rantsuwa. Ya ce shi ke nan, zai yi abinsa tsakaninsa da Ubangijinsa, ya sauko da kwamfuta a ɓoye, ya yi aikin Gideon da asuba kafin motar Tsafe, ba Rabi'u ba dariyarsa. Ya gaya wa Sadiya nafila zai yi. Sadiya ta ce Allah ya karɓa, ta dafa masa sahur, ba ta tambaye shi wace nafila ce ake farawa ranar Talata ba. Ta dai lura an ja kujera zuwa gindin sif, an tsaya, an mayar.

Ya yi Talata da Laraba yana ɗaga buhu da baki a bushe, zafin farkon damina na dukansa. Ranar Alhamis ba kasuwa, ya tafi Nahuce gaida Iya. Ta dama masa fura da nono mai sanyi, ya ce yana azumi. Ta ce na Alhamis? Ya ce e. Ta ce to ai Sadiya ta ce tun shekaranjiya yake yi. Iya ta kafe shi da ido har ya faɗi gaskiya.

Tsohuwar ta yi dariya har ta share hawaye da bakin zane. Ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shekarar da auduga ta faɗi, mahaifinsu ya dawo daga kasuwa ya jefar da buhu a nan tsakar gidan, ya rantse ba shi ba auduga. Damina biyu ya yi yana wuce gonakin mutane yana kau da kai. A ta uku ya ɗauki azumi a ɓoye, kamar dai wannan, har liman ya ji ya mayar da shi kan hanya.

“Azumi na wanda ba shi da shi ne,” in ji Iya. “Kai kana da shi. Miskinai goma za ka ciyar.”

Mannir ya ce ba haka ba ne, zaɓi ne. Iya ta ce masallaci ga shi nan, ba nisa. Bayan la'asar ya tsaya wurin liman, ya yi tambayar kamar ta wani abokinsa ce. Liman ya karanto masa ayar, ya ce ciyar da goma, ko tufatar da su. Wanda bai samu ba shi ne ke komawa azumi. Sannan ya tambaya ko abokin nan yana da abincin da ya wuce bukatar gidansa. Mannir ya tuna rabonsa na geron gonar gado, wanda tun kaka yake jibge a shagon Tsafe, a bayan ƙofar da makullinta ke aljihun Rabi'u. Liman ya ce to abokin ya gode Allah, ya samu ladan nafila, amma rantsuwarsa na nan daram.

Ya fito masallaci yana huci. Kwana uku na yunwa da ƙishirwa, ga buhuna, ga rana, duk sun tashi a nafila. Ya koma ya gaya wa Iya zai nemi gero a nan Bunguɗu ya raba a ɓoye, ba sai an je Tsafe ba. Iya ta ce ɓoyon dai shi ya kai shi ga yunwar banza. Ta ce a gaban yayansa ya ɗaura, a gabansa zai kwance. Ubansa da kansa ya ɗauki ƙwarya a ka ya bi gida-gida, bai mutu ba. Da aka kira magariba ta tura masa furar, ta ce ya sha, tana da sanyi, shi ma ya kamata ya huce.

Ranar kasuwa da safe, kafin a cika, ya sami Rabi'u yana buɗe shago. Ya ce yana son a buɗe masa geronsa. Rabi'u ya ce sayarwa zai yi da farkon damina, ko an fara koya masa kasuwa? Mannir ya ce kaffara zai yi.

Ya zaci dariya. Ba ta zo ba. Rabi'u ya juyo, fuskarsa ta canza, ya fara faɗa irin wanda Mannir bai taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce an mayar da shi abin wasa. Ya ce shi ya ƙi ɗaukar wani a benci saboda ƙanensa, ya fara sakin masa fatake, ya fara tunanin buɗe masa reshe a Gusau. Ya ce ba don ƙiyayya ya yi ta tsokanarsa ba, gajiya ya yi da ganin Iya tana tashi tsaye a kan sallaya duk lokacin da wani kamfani ya mutu. Abin nan ya cinye shi sau uku, yanzu zai koma ya miƙa masa wuya na huɗu?

Mannir ma ya ɗauki zafi. Ya ce ba kamfani zai buɗe ba, ƙwadago zai yi, a ƙarƙashin yaron da shi Mannir ya girma da shekara goma sha biyu, kuma idan Yaya yana ganin wannan abin daɗi ne a wurinsa to bai san shi ba. Ya nuna rumfar Zahra'u, inda layi ya fara taruwa.

“Yaya, kana nan aka juya dattijon nan. Ni na san gyaran. Ina zaune a kan bencinka ina kallo, don kawai kada ka yi mini dariya. To yi dariyarka. Na gaji.”

Rabi'u ya daɗe yana kallon rumfar. Shi ma ya san Malam Sama'ila, ya taɓa sayen wakensa. Ya yi tsaki mai tsawo, ya zaro makulli, ya buɗe ƙofar ciki, ya jawo buhun da kansa ya farke bakinsa. Mannir ya ce liman ya ce ƙaramin mudu ya isa. Rabi'u ya ce ba a shagonsa za a ce ƙanensa ya yi kaffara da rowa ba. Ya ɗauko tiyar kasuwa, yana cikawa har tana zuba, yana juyewa a leda, yana ƙirgawa da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Kafin ya kai biyar, masu shagunan layin sun leƙo. Wani ya ce ashe Injiniya zai koma bakin aiki, to wa zai riƙa goge musu hotuna? Wani ya ce Allah ya sa na huɗu ya yi rai. Mannir ya ji kowace kalma, kunnuwansa kamar an zuba musu barkono.

Masu karɓa ba a nema da nisa a Tsafe yanzu. Akwai matan da rikici ya koro daga ƙauyukansu, waɗanda ke bin bayan motocin hatsi da tsintsiya suna tattara abin da ya zube. Rabi'u ya ce shi ba zai kai ba, mai rantsuwa shi ke ɗauka. Mannir ya rungumi ledojin ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana durƙusawa yana miƙawa. Wata ta tambaye shi sadakar wa ce, wa ya rasu, ta yi masa addu'a. Ya ce ba wanda ya rasu, bakinsa ne ya yi masa yawa. Ta ce to Allah ya rage.

Ya dawo hannu wayam, zufa na zuba, sai ya tarar da wata leda ɗaya a kan benci, a ɗaure. Ya ce ai goma ne, ya ƙirga da kansa. Rabi'u yana ɗinke bakin buhu, bai ɗago ba.

“Wagga kafin alƙalami ce, ta rantsuwa mai zuwa. Na san ɗiyan gidanmu.”

Jini ya hau wa Mannir kai. Ya nuna yayansa da yatsa ya ce, “Wallahi ba zan ƙara—”

Rabi'u ya tsayar da basilla ya ɗago, ya miƙa hannu zai jawo tiya. Layin shagunan ya yi tsit, kowa yana jira.

Mannir ya haɗiye sauran. Ya fizgi ledar, ya wuce ta gaban rumfar Zahra'u, ya tsaya ya ce mata ta riƙa rubuta sunan ƙauyen duk wanda aka juya, za a neme su, musamman wani dattijo Sama'ila. Ya shiga motar Gusau tun rana ba ta take ba. Ko da ya isa gida, Sadiya ta riga ta sauko da kwamfutar, ta goge ta, ta sa ta a caji, ta wanke zanenta ta shanya. Ya ja kujera ya hau, ya ɗora ledar geron a kan sif, daidai inda kwamfutar ta bar shaida a cikin ƙura, ya sauko ya zauna, ya kira Gideon ya ce ya turo manhajar tasu, ya buɗe, ya fara zagin wanda ya rubuta layin farko.